Amsa: kujerar Faransa da aka ce ta zamanin Louis na 15 ce

Ɗan'uwa, ka tambaya ko lanƙwasassun ƙafafu da sassaƙen furanni sun isa shaida cewa kujerar da dillali ya nuna maka ta asali ce. Gaskiya ba su isa ba. Wannan salon ado, wanda ake kira rokoko, ya yi tashe a Faransa ne zamanin Sarki Louis na 15, wanda ya yi mulki daga 1715 zuwa 1774, amma a ƙarni na 19 an kwaikwaye shi ba adadi, har yau ma ana yi.

Ka kifa ta, ka duba gindinta. Kafintocin Paris na wancan lokaci yawanci da katakon bishiyar beech suke aiki, suna haɗa gaɓoɓi da turakun katako. Cikin katakon ba ya yin sumul, za ka ga sawun kayan aikin hannu. Bayan dokar ƙungiyar masu sana'ar ta 1743, maigidan aiki kan buga tambarin sunansa a jikin katakon mazauni, sunayen kafintoci irin su Tilliard ko Heurtaut. Sai dai kada tambari ya ruɗe ka, 'yan damfara ma sun iya buga shi.

Sannan ka danna mazaunin da tafin hannu. In ka ji sifirin, ko dai kujerar ta bayan wancan zamani ce, ko an sake mata ciki, domin ta asali gashin doki ake cusa mata. Yadin kuwa kada ya dame ka, da wuya ka samu wadda ba a taɓa sake mata riga ba.

Ni dai ba zan biya kuɗin kayan tarihi ba sai masani ya gani da idonsa. In don zama a falo kake so, ta kwaikwayon ma ta wadatar, ka taya ta a farashinta.