Cire Injin Mota Ba Tare da Mataimaki Ba

Tambaya: Malam, ni bakanike ne a Ƙofar Ruwa, Kano, kuma ni kaɗai nake aiki. Bayana yana ciwo duk lokacin da na cire injin mota. Wane kayan aiki zan fara saya?

Amsa: Allah ya ba ka lafiya. Ka fara da sarƙar ɗaga kaya mai ɗaukar tan 1, domin injin ƙaramar mota bai kai rabin wannan nauyi ba. Ka rataye ta a ƙarfe mai ƙafa uku da aka yi wa walda mai ƙwari, ba a reshen darbejiya ba, wanda yakan karye ba zato ba tsammani. Kuma kada ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai yana riƙe da ita, sai ka tokare ta da matokaran ƙarfe.