Spam, Bluetooth da ƙwaron kwamfuta: amsoshin wannan makon

Tambaya daga Gusau: Malam a Gmail ɗina akwai wani waje an rubuta spam, meye ma'anarsa? Na leƙa na ga saƙo wai na ci dala dubu biyar.

Ɗan'uwa ba ka ci komai ba, kai ake shirin ci. Spam asalinsa sunan naman gwangwani ne, na alade ma kuwa, kamfanin Hormel na Amurka ya fito da shi a 1937, sojoji suka yi ta cinsa lokacin yaƙin duniya na biyu har ya gundure su. A 1970 wasu 'yan barkwanci suka yi wasa a talabijin ɗin BBC, wani gidan abinci ne da kusan duk abin da ka nema sai a ce da spam a ciki, ga wasu a gefe suna ta rera spam spam spam har ba a jin maganar kowa, to nan masu kwamfuta suka aro sunan suka laƙaba wa saƙon da ba ka nema ba amma ya cika maka akwati.

Abin da ke ƙona min rai shi ne, Gmail ya yi aikinsa ya share shara ya kai juji, kai kuma ka bi jujin kana tono. Gasar da ba ka shiga ba ta yaya za ka ci? Yau a ce ka danna link, gobe a ce turo lambar da banki ya aiko maka, jibi ka zo kana salati an kwashe kuɗin. Kuma ku masu tura "ka aika wa mutum goma" a guruf ɗin dangi na WhatsApp, wallahi ku ma spam kuke yi, bambancin kawai da sallama kuke farawa. Ni duk Juma'a nake goge wajen ban buɗe ko ɗaya ba, ka yi haka.

Tambaya daga Maraɗi: Me ya haɗa Bluetooth da haƙori?

Bluetooth da Turanci shuɗin haƙori ke nan, laƙabin Harald ne, sarkin Denmark a ƙarni na 10. Alamar nan da kike gani haruffan H da B ne a tsohon rubutunsu.

Tambaya daga Zariya: Me ya sa ake ce wa matsalar manhaja bug?

Ƙwaro ke nan. A 1947 an ciro ƙwaro na gaske daga kwamfutar Mark II a jami'ar Harvard ta Amurka aka manna shi a littafin aiki, amma injiniyoyi na faɗin kalmar tun zamanin Thomas Edison, mai ƙere-ƙeren nan na Amurka.