Hukuncin Karanta Wa Yara Labaran Fatalwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ɗana mai shekara 11 ya zo da littafin gajerun labarai na ban tsoro daga makarantar boko, irin na Turawan da, masu fatalwa a tsofaffin gidaje. Bayan isha'i yakan fassara wa ƙannensa. Wani ya ce mini duk ƙagaggen labari ƙarya ne, haramun. Ga kuma autata mai shekara 5 ta daina fita banɗaki da dare, wai kakarta da ta rasu bara tana tsaye a zaure. Ina mafita? Daga wata uwa a Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kakarsu, ya raya miki zuri'a.

Masu haramta ƙagaggen labari suna kafa hujja da hadisin Abu Dawuda da Tirmizi mai yi wa wanda ke ƙarya don ya ba mutane dariya narko. Hadisin kam babu ja a kansa, amma ba nan ne muhallinsa ba. Ƙarya ita ce ka faɗi abin da bai faru ba kana so a ɗauka ya faru. Kakar da ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", ta rufe da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya", wa ta yaudara? Ko ɗan yaye ya san Gizo bai auri Ƙoƙi a wata unguwa ba. Kuma Muƙamatul Hariri, wato littafin labarai na adabin Larabci da malamanmu ke karantarwa a zaurukan cikin birni, tun rasuwar mai ita a shekara ta 516 bayan hijira malamai ke hidimarta, alhali Abu Zaidi da Harisu ɗan Hammamu da ke cikinta ƙago su aka yi. Duk waɗannan malaman ba su san hukuncin ƙarya ba ne? Asali dai halas ne, matuƙar babu batsa ko shirka.

Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarki maganar autarki ce. Yayanta ya san labari yake karantawa, ita kuwa ta ɗauke shi gaskiya, har ta saka kakarta a ciki. A nan hukunci ya canza. Mamaci ba ya dawowa, yana barzahu har ranar tashi, kamar yadda ƙarshen Suratul Muminun ya nuna, kuma bai halatta a firgita musulmi ba, balle yarinya. Don haka karanta mata waɗannan labarai ya haramta har sai ta yi wayo. Shi babban ya karanta abinsa da rana, ke kuma ki riƙa tambayarsa: wanne ne a ciki ya saɓa wa aƙidarmu?

Kada ki yi mata tsawa ko ki bari 'yan uwanta su yi mata dariya. Ki riƙe hannunta, ki haska tocila a zauren ta ga ba kowa sai tabarma da buta. Ki koya mata addu'ar shiga banɗaki, ki tofa mata Ƙulhuwa da Falaƙi da Nasi lokacin kwanciya. Ki gaya mata kaka na wurin Allah, addu'a take so.

Sannan, 'yar uwa, ki duba bakin manyan gidan. Sau da yawa tsoron ba daga littafi ya faro ba, daga "yi shiru ko Dodo ya zo" ne, da hirar mayu a tsakar gida wadda ke ƙarewa da nuna wata tsohuwar maƙwabciya da yatsa. Wannan ya fi littafin ɗanki hatsari, domin ƙazafi ne. Idan firgitar ta wuce makonni har tana hana ta barci, ki kai ta asibiti.

Wallahu a'alam.