Babban yaron shagona ya ƙi taɓa POS

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan masarufi a Gusau da yara huɗu. Bana na sayo POS, aka kuma saka min manhaja a waya da ake shigar da kayan da suka shigo da waɗanda suka fita, amma babban yarona da muka shekara 11 tare ya ƙi taɓawa, kullum sai yace ba netwok ko ba caji, sauran ma duk sun bi shi an koma littafi da biro. Anya ba wani abu yake ɓoye min ba? In sallame shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Dan Allah kar ka sallame shi. Mutumin da ya riƙe maka aljihun tebur shekara 11, rana tsaka ka kawo na'ura tana ƙirga har gwangwanin madara, abin da zai fara zuwa ransa shi ne Alhaji ya daina yarda da ni. Ga kuma kunya, shi ne babba a shagon, baya so ƙananan yara su gan shi yana lalube a waya suna gyara masa, wannan kam na ga ta hana mutane da yawa koyon abu.

Maganar netwok ma ba duka ce ƙarya ba, ai ba wanda ya manta Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara. Amma ka tuna masa farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da tsabar naira ta ɓace, masu karɓar taransfa da POS su suka yi ciniki, sauran suna zaune da kaya.

Kai ka fara koya tukuna, sannan bayan an rufe shago ku zauna ku biyu kawai, ka nuna masa, in ya iya shi zai koya wa yaran, girmansa na nan. Ku fara da kaya ɗaya, kamar buhunan shinkafa, littafin ma a ci gaba da rubutawa wata biyu ana gwadawa. Ka nemi layin kamfani na biyu da fawa bank. Ka kuma faɗa masa ƙarara cewa kuskuren dannawa ba za a cire a albashinsa ba, kuma ranar da wani ya zo da alat na bogi ko lissafi ya yi giɓi, wayar nan ce za ta wanke shi. In bayan wata biyun har yanzu ya ƙi, to ka sake rubuto min.