Filin Lafiya: In An Ce “Bincike Ya Tabbatar”, Wa Aka Gwada Da Wa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana yana fama da ciwon sukari da hawan jini shekara bakwai ke nan, yana karɓar magani a asibiti. Kwanan baya aka kawo mana wani maganin gargajiya na kwalba. Mai tallan ya ce an yi bincike a kansa, ga kuma lambar FDA a jiki. Mata biyu a layinmu sun rantse ya warkar da su. Yanzu Alhaji so yake ya ajiye na asibiti. Me za ku ce? Daga wata Hajiya, Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba Alhaji lafiya. A taƙaice, kada ya ajiye.

Ba mu ce matan nan ƙarya suke yi ba. Sun ji sauƙi, sun faɗi abin da suka ji. Sai dai jin sauƙi bayan shan abu ba shi ne shaidar cewa abin ya kawo sauƙin ba. Jini da sukari hawa da sauka suke yi, kuma mutum ba ya neman sabon magani sai ranar da ciwo ya kai maƙura, ranar da ko ruwan randa ya sha, ana sa ran jibi ya fi yau dama. Ga shi wanda ya sa kuɗinsa a kwalba yakan fara kiyayewa: a rage sukari a koko, a rage gishiri da magi a miya. Da yawa ma ba su daina ƙwayar asibitin ba, haɗawa suke yi, sai kwalba ta kwashe yabon. Wanda kuwa ya sha ya wayi gari da shanyewar ɓarin jiki, ba a gayyatarsa gidan rediyo.

Saboda haka ne masu bincike ba sa tsayawa kan “na sha na warke”. Sukan tara masu ciwo iri ɗaya, su raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada likita ya zaɓi masu ƙwari ya ba su sabon maganin. Gida ɗaya a ba shi maganin, ɗayan a ba shi wanda aka saba, ko wata ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta. In da hali, daga marar lafiya har mai auna shi babu wanda zai san wa ya sami wanne. Bayan watanni a ƙirga. Abin da ya bambanta gidajen biyu shi ne aikin maganin, saura kuwa na lokaci ne da sa rai.

Ki tambayi mai tallan: binciken nan a kan mutane aka yi shi ko a kan ɓeraye? Mutum nawa? Da wa aka kwatanta su? A ina aka buga sakamakon? In amsar ita ce “likitoci sun gwada”, ki riƙe kuɗinki. Lambar FDA, wato Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Ghana, alama ce ta rajista, kuma gara mai ita da marar ita, amma ba ta nufin an gwada kwalbar a kan ɗaruruwan masu ciwon sukari ta yi nasara. Hasali ma Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, mai lamba 851, ta hana tallata magani ga jama'a da sunan yana warkar da wasu cututtuka, ciwon sukari da hawan jini na cikinsu.

Wannan ba raina itatuwa ba ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa yau a kowane asibiti daga wani nau'in tazargade na ƙasar Sin aka samo shi, kuma Tu Youyou ta sami kyautar Nobel a 2015 saboda shi. A Mampong-Akuapem akwai cibiyar gwamnati da aikinta ke nan, nazarin saiwoyi da ganyaye irin su nibima. Ganye ne ya bi ta gwaji kafin ya zama magani.

Ki kai kwalbar asibiti ranar ganin likita. Wasu jiƙe-jiƙen na sauke sukari, in suka haɗu da ƙwayar ciwon sukari irin su glibenclamide sai ya faɗi ƙasa warwas: gumi, rawar jiki, ruɗewa, har suma. Ku nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance cikin kusan wata uku, ya fi awon safiya ɗaya faɗin gaskiya. Awon jini a gida kuwa, ya zauna minti 5 tukuna, hannu bisa tebur, a auna sau biyu da safe sau biyu da yamma har kwana 7, a rubuta duka a kai wa likita.

TAMBAYA: Ni ɗalibar aikin jinya ce. An ba mu aikin tantance takardar bincike, sai na ga wata ta ce abu na aiki, wata ta ce ba ya aiki. Wacce zan bi, kuma ta ina ake fara karatu? Daga wata ɗaliba, Asawase.

AMSA: 'Yata, misalin da ya fi dacewa da tambayarki a ƙasar nan aka yi shi. A 1999 aka buga wani gwaji daga Nepal da ya nuna ba mata bitamin A kowane mako ya rage mutuwar masu juna biyu da kusan kashi 40 cikin 100. Abu mai araha, sakamako mai girma, wa zai ƙi? Amma kafin a mayar da shi doka, cibiyar bincike ta Kintampo ta sake gwadawa a gundumomi 7 na tsohon yankin Brong Ahafo, da mata fiye da 200,000. Sunan gwajin ObaapaVitA, daga kalmar Twi mai nufin mace ta gari. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2010: babu ragi. Wani gwajin a Bangaladash shi ma bai ga komai ba.

Ba sai ɗaya ta zama ƙarya ba. A Nepal ƙarancin bitamin A ya fi tsanani, dundumi ya yi yawa a tsakanin masu ciki, kuma mace-macen da aka gina wancan lissafi a kansu ba su da yawa, ga shi ƙaramin adadi yakan yi tsalle. Kuma ki lura, bitamin A ɗin nan dai shi ne gwajin Navrongo na 1993 ya nuna yana rage mutuwar yara da kashi 19. Abu ɗaya, ya yi aiki ga yara, bai yi ga iyayensu mata ba. Kullum ki tambaya: su wa aka gwada, kuma sun yi kama da waɗanda ke kwance a ɗakin da nake aiki?

Karatu kuwa, kada ki fara da ƙarshen taƙaitawa, nan ne marubuta ke kwalliya. Fara da sashen hanyar bincike. An yi ƙuri'a? Mai shigar da marasa lafiya ya san gidan da na gaba zai faɗa? In ya sani, ƙuri'ar ta lalace. Sai teburin farko: gidajen sun yi daidai a shekaru da tsananin ciwo? Sai ki ƙirga waɗanda suka ɓace a hanya. In mutum ɗaya cikin biyar ya ɓace, ki yi hattara, domin wanda magani ya wahalar shi ne ya fi saurin daina zuwa. Duba kuma abin da aka auna: lamba a takardar gwajin jini, ko mutuwa da kwanciya asibiti?

Daga nan sai alƙaluma, kuma ki nemi na asali. A gwajin FEAST na 2011, a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, an ɗauki yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun raunin gudun jini. Ƙara musu ruwa da sauri ta jijiya abu ne da kowa ya ɗauka ceto ne. Cikin awa 48, kusan kashi 10.5 na waɗanda aka yi wa haka suka rasu, a ɗaya gidan kuwa kashi 7.3. Ana iya cewa haɗari ya ƙaru da kashi 45, ana iya cewa an sami ƙarin mutuwa ɗaya a kowane yara kusan 30. Duka gaskiya ne, amma na biyun ne ke gaya miki abin da zai faru a ɗakin yara. Kusa da kowane adadi za ki ga lambobi biyu da ke nuna tazarar da gaskiyar ke iya faɗawa. In ana kwatanta haɗari kuma tazarar ta ratsa 1, wato adadin da ke nuna haɗarin gidajen biyu ɗaya ne, binciken bai kore yiwuwar babu bambanci ba. Ki leƙa ƙarshen takarda ki ga wa ya biya kuɗin aikin, sannan ki nemi bitar Cochrane, wata ƙungiyar masu bincike ta duniya, kan batun, domin ita takan tattaro duk gwaje-gwajen wuri guda.

TAMBAYA: Na ji an ce rigakafin zazzaɓin cizon sauro bai kai ko rabi ba wajen kariya. To mene ne amfanin kai yaro? Daga wani direban trotro, Kejetia.

AMSA: Malam, abin da ka ji haka yake. A babban gwajin rigakafin mai suna RTS,S, wanda Agogo da Kintampo na cikin wuraren da aka yi shi, allura huɗu sun rage kamuwa da kusan kashi 36 cikin shekara huɗu. Amma kashi 36 na mene? Yaro a nan yakan kamu sau da yawa, don haka a kowane yara 1,000 an kauce wa zazzaɓi sama da sau 1,700. Da aka fara bayarwa a Ghana da Kenya da Malawi daga 2019, mutuwar yaran da suka kai shekarun karɓa ta ragu da kashi 13.

Ana yin allurar farko a wata 6. Ta huɗun ce iyaye suka fi mantawa, kuma ba tare da ita ba kariyar na saurin raguwa, don haka ka duba littafin awon yaron. Gidan sauro mai magani yana nan daram, kuma in jiki ya yi zafi a kai shi gwajin jini a ranar, ko da ya karɓi alluran duka.