Ɗumama daɓen ɗakin Hajiya: amsa ga ɗan'uwanmu na Ingila

Wani ɗan'uwa da ke aiki a Ingila ya aiko da tambaya. Yana ƙara ɗaki ɗaya da banɗaki a gidansu na Tudun Wada saboda mahaifiyarsa, wadda ciwon gwiwa ke matsa wa da hunturu. Ya ga yadda ake ɗumama daɓe a can, yana so ya sayi kayan ya aiko, shi ne yake tambaya ko zai yi aiki a Kaduna.

Malam, Allah ya saka da alheri, ya ba ka masu yi maka. Shawarata ita ce: ka sa a banɗaki idan kana da hali, amma ka bar ɗakin kwana.

Abin iri biyu ne. Akwai na bututun ruwan zafi da ake binnewa cikin siminti, wanda sai da tukunyar dafa ruwa da famfo mai zagaya shi. Wannan ka cire shi daga lissafi, ya yi wa ɗaki ɗaya yawa. Na biyu waya ce ta lantarki da aka ɗinka a jikin raga, a shimfiɗa ta ƙarƙashin tayil. Ƙarfin wutarmu da ta Ingila ɗaya ne, bolt 230, saboda haka kayan can za su yi aiki a nan.

To ga inda gizo ke saƙa. Wadda aka fi sa wa tayil tana cin wat 150 a kowace murabba'in mita. Ɗaki mai mita 3 tsawo da 3 faɗi, idan aka cire wurin gado da durowa, don ba a shimfiɗa ta ƙarƙashin kayan da ke danne daɓe, zai rage kamar murabba'i 6. Wat 900 ke nan. Ta yi awa 5 a kunne, ta kusa cinye yunit 4 da rabi a dare ɗaya, kuma tun Afrilun 2024 yunit ya haura naira 200 ga masu rukunin A, wato waɗanda kamfanin wuta ya fi ba wuta a rana. Kuɗin ma ba shi ne damuwata ba. Sanyi ya fi tsananta daga tsakar dare zuwa asuba, lokacin da sola ba ta da rana. Idan aka ɗauke wuta, batir ɗaya mai bolt 12 da amfiya 200 ba zai riƙe ta awa biyu ba. Kuma daɓe ba ya ɗumi nan take, sai ya ja lokaci. An yi abin ne don ƙasar da ke shafe rabin shekara cikin sanyi da wutar da ba ta yankewa. Namu sanyin Disamba ne da Janairu, kafin Maris kowa fanka yake nema.

Banɗaki kuwa daban ne. Murabba'i 2 wat 300 ne kacal, kuma nan ne Hajiya ke taka tayil mai sanyi don alwalar asuba. Sai dai a kiyaye. A fara sa allon da ke hana zafi nutsewa ƙasa, in ba haka ba simintin ne zai sha ɗumin. Ba a yanke wayar don a rage tsawonta, saboda haka a auna wurin kafin ka saya, a cire mazaunin masai. A sa ma'aunin zafi cikin daɓe, kada ya wuce digiri 29, balle idan tana da ciwon suga, don masu shi wani lokaci ba sa jin zafi a tafin ƙafa. Wankanmu na bokiti ne, ruwa na malala ko'ina, don haka dole wayarin ya kasance da waya mai sauka ƙasa, da makunnin kariya mai yanke wuta da zarar ta ɓalle. Mai wayarin ya gwada wayar kafin a sa tayil da bayan an sa, a ɗauki hoton shimfiɗar a turo maka, kada wata rana wani ya huda ta. Allon da ragar za su ɗaga daɓen kaɗan, a gaya wa birkila tun kafin a kafa ƙofa.

Kuɗin ɗakin kwana ka zuba su a silin mai kyau, da tagogin da ke rufuwa ruf, da kafet mai kauri, da hita ta ruwan wanka. Silin ɗin zai yi mata rana har a zafin Afrilu. Ina kuma roƙonka, ka ja kunnen 'yan gida kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Sai maganar takardu, wadda ba ka tambaya ba. Ƙarin gini ma yana bukatar izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, kuma za su nemi zanen gini da shaidar mallakar fili, wadda KADGIS, hukumar kula da takardun filaye ta jihar, ke kula da ita. Idan gidan gado ne da ba a raba ba, ku zauna da 'yan'uwanka, ko ta waya ce, a rubuta matsayin wannan ɗaki a gaban shaidu kafin a haƙa tushe. Kuɗin aiki kuma ka riƙa turawa kashi-kashi, kowane mataki sai ka ga bidiyonsa da rasit.

Ka gaishe da Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya.