Ka karɓi kujerar hagu, kada ka zauna jiran layi

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya ina otal, na ce bari sai na dawo gida na nutsu. Ka ce shekara biyu ke nan kana mataimakin matuƙi a ɗaya daga cikin ƙananan kamfanonin nan Amurka, kana kan jirgin fasinja samfurin E175, ka cika awa 1,000 da doka ta gindaya kafin a ba mutum kyaftin, kuma gurbi ya buɗe maka, sai dai a garin da ke nesa da iyalinka. Kana shawarar ko ka ƙi, ka ci gaba da zama a kujerar dama ta mataimaki, maimakon ta hagu ta kyaftin, da jadawalinka mai daɗi, har layin da kamfaninku yake da shi na wucewa babban kamfani ya zo kanka.

Ka karɓa. Wannan mararraba na taɓa tsayawa a kanta, na ɗauki hanyar da kake son ɗauka, kuma har yau ina biyan kuɗinta.

Na fara da ƙaramin kamfani a 2013, shekarar da dokar cika awa 1,500 na tuƙi kafin a ɗauki mutum mataimakin matuƙi ta fara aiki, wadda ta biyo bayan faɗuwar jirgin kamfanin Colgan kusa da Buffalo a watan Fabrairun 2009, inda mutum 50 suka rasu. A 2016 aka buɗe mana kyaftin, ni da wani abokina da muka shiga aji ɗaya rana ɗaya. Lokacin uwargida ta haihu, ina samun hutun Asabar da Lahadi, minti ashirin tsakanin gidana da filin jirgi. Idan na karɓa, sai na koma ƙasan jerin kyaftin, in riƙa hawa jirgi zuwa wani gari in kwana a gidan haya na haɗaka, mutum shida ko takwas a gadaje masu hawa biyu, ina zaman jiran kiran waya. Na ce a'a. Abokina ya ce e. Ya sha wuya shekara guda, na gani da idona, har ramewa ya yi. A 2018 babban kamfani ya ɗauke shi. Ni sai a shekarar na karɓi kyaftin, na cika awa 1,000 ina shugaban jirgi a farkon 2020, na gyara takarduna tsaf, sai korona ta zo. Ɗaukar aiki ta tsaya cak. Ƙananan kamfanoni uku, Compass da Trans States da ExpressJet, suka rufe a shekarar nan, matuƙansu suka cika kasuwa. Ban samu kira ba sai farkon 2022.

Shekara huɗu tsakanina da shi, alhali rana ɗaya muka fara. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, waɗannan shekaru huɗun ba daga farkon aikina aka cire su ba, daga ƙarshe aka cire. Doka ta ce ranar da ka cika 65 ka sauka, babu roƙo. To duk shekarar da ka ɓata a ƙasa, shekara ce daga cikin waɗanda da za ka yi kana babban kyaftin a kan babban jirgi, da albashi mafi tsoka da za ka taɓa karɓa a rayuwarka.

Saboda ƙannenmu masu karantawa daga gida, musamman na makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, bari in faɗi dalili. A nan komai lamba ce. Ranar da kamfani ya ɗauke ka za a ba ka lamba a jerin matuƙansa, kuma da ita za ka zaɓi jirgin da kake so, da garin da za ka zauna, da ranakun hutu, da lokacin da za ka zama kyaftin. Idan kamfani ya shiga matsi za a rage ma'aikata, daga ƙasan jerin ake farawa. Ƙwarewarka ba ta matsar da kai gaba ko da mutum ɗaya, kuma idan ka sauya kamfani lambar ba ta bin ka, ko shekara ashirin ka yi, ƙasa za ka koma. Delta tana zuwa Legas daga Atlanta, United tana zuwa daga Washington, kuma ba wanda zai tambaye ka ko kai ɗan ƙasar ne kafin a ba ka hanyar, lamba kawai za a duba. Ko hutun Salla da ita nake nema, wata shekarar in samu, wata shekarar in yi Idi a wani gari cikin kayan aiki. Sannan ku sani, duk wannan maganar ga mai takardar zama ce ko ɗan ƙasa, lasisi kaɗai ba ya ba mutum izinin aiki.

Game da layin da kake jira. Ban ce ba shi da amfani ba. Ƙananan kamfanonin Envoy da PSA da Piedmont mallakar babban kamfanin American ne, matuƙansu suna wucewa bi da bi ba tare da sabuwar ganawa ba, Endeavor ta Delta ce, United kuma tana da shirinta na Aviate. Amma saurin layin nan ba a hannunka yake ba, ya dogara ga yawan mutanen da babban kamfanin yake ɗauka a wata. A 2022 da 2023 manyan kamfanoni sun ɗauki matuƙa sama da 10,000 a kowace shekara, har da waɗanda ba su taɓa zama a kujerar hagu ba. Samari da yawa suka ɗauka haka duniyar take. A 2024 Boeing ya kasa kawo jirage a kan lokaci, matsalar injinan Pratt & Whitney ta ajiye wasu jiragen Airbus a ƙasa, ɗaukar aiki ta ja baya sosai, kamfanin Spirit ma har sallamar matuƙa ya yi na wucin gadi. Da kasuwa ta tsuke, sai aka koma tambayar da aka saba yi tun da: awa nawa ka yi kai ne shugaban jirgi mai injin jet? Ka je ka karanta yarjejeniyarku da kyau, domin yawancin irin wannan layin sai ka yi kyaftin na wani lokaci kafin ya ɗauke ka. Ka bar shi a matsayin abin da za ka faɗa kansa idan komai ya ƙi, amma ka cika takardar neman aiki a ko'ina, har da FedEx da UPS da Southwest, kana sabunta awoyinka duk wata. Wanda ya fara kira a cikin waɗanda za ka iya ƙare aikinka a wurinsu, ka tafi.

Akwai kuma abin da kujerar hagu take koya wa mutum wanda ba a rubuta shi a littafin awoyi. Ranar farko da na ƙi tashi da jirgi saboda wata matsala da ban gamsu da gyaranta ba, fasinja 76 a bayana, ana ta kira daga ofis, mataimakina yaro ne sabo yana kallon bakina, ranar na san bambancin ba da shawara da ɗaukar alhaki. A ganawar babban kamfani kusan duk tambayoyin haka suke: ba mu labarin ranar da kuka saɓa da abokin aiki, ba mu labarin ranar da ka yanke hukuncin da bai yi wa mutane daɗi ba. Wanda ya yi kyaftin ba ya lalube, labaran suna nan a bakinsa.

Ka shiga horon kyaftin da shiri, wannan kam kada ka yi wasa da shi. Duk jarrabawar da ka faɗi tana shiga rumbun bayanan matuƙa na FAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, kuma duk mai son ɗaukarka zai gani. Ni ina da guda ɗaya tun ina ɗalibi. Da aka tambaye ni, na faɗi kuskuren da na yi, ban ɗora wa mai jarrabawa ko iska ba, na faɗi abin da na sauya daga ranar, suka wuce zuwa tambaya ta gaba. Na san wanda ya ɓoye tasa, aka ba shi aikin, aka gano yana tsakiyar horo, aka ce ya ajiye katinsa. Littafin awoyinka ma ka zauna ka daidaita lissafinsa tun yanzu, domin shafi-shafi suke bi. Idan kana da hali ka je taron OBAP na shekara-shekara, ƙungiyar baƙaƙen fata masu aikin jirgin sama da aka kafa a 1976, masu ɗaukar aiki suna zuwa da kansu, a can na fara miƙa takardata hannu da hannu. Digiri kuwa, Delta ta daina wajabta shi a farkon 2022, amma idan ka fara ka ƙarasa abinka.

Saura maganar iyali, wadda na san ita ce ainihin abin da ke damunka, kuma ba zan ce maka ƙaramin abu ba ne. Za ka yi wata da watanni kana ganin yaranka kwana takwas ko goma a wata. Kada ka yanke wannan kai kaɗai ka zo mata da labari. Ku zauna da maiɗakinka da takarda da biro, ka nuna mata jerin, ka nuna mata wata nawa na ƙasa da kai a garin can suka yi kafin su fita daga zaman jiran kira, da bambancin albashin, da ko zai ishe ku ku tashi gaba ɗaya ku koma can na shekara ɗaya ko biyu. Da haka na yi a 2016, ina da yaƙinin tawa cewa za ta yi mu tafi, domin daga baya ita da bakinta ta gaya mini. Ni ne ban tambaye ta ba.

Ka yi istihara, sannan ka duba ranar da za a rufe karɓar zaɓi kada ta wuce ka. Idan ka sa sunanka, ka sanar da ni, akwai takardun da na yi karatun horon da su, zan tura maka. Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, Ya sauke mu lafiya.